Yadda Muka Ceto Taken Gidan Barmo

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa domin matafiyi ya taka, manomi ya shuka, ɗan kokawa kuma ya sha ta ranar da ya gamu da gamonsa. Ni ne Nomau ɗan Barmo, mutumin Tudun Kanya, can bayan Tekun Yashi inda rana ke fitowa ja kamar garwashi. Na ƙetare kogi a cikin ƙwarya, na hau tsuntsuwar da ta fi raƙumi tsawo, na yi kokawa ido a ɗaure a ƙasar da gishiri ne turɓayarta. Ku gyara zama ku ji abin da ya fitar da ni daga gida, da abin da na komo da shi.

A garinmu kowane gidan 'yan kokawa yana da takensa, wato kiɗan da makaɗa ke yi wa gidan shi kaɗai idan ɗansa ya yi kaye a fage. Taken gidanmu tun kakannin kakanni yake, kuma mahaifina Barmo ya sa an kaɗa shi a zamaninsa har fatar ganga ta gaji. Amma makaɗa suna da dokarsu. Gidan da ya daɗe bai yi kaye ba, sai su ɗauke takensa su ba gidan da ke kayarwa, don su ba sa ajiye kiɗa a ɗaka. Tun da Baba ya tsufa idonsa ya dushe, ni nake shiga fage da sunan gida, kuma tun da na fara shiga ba a kaɗa mana taken nan ba ko sau ɗaya.

Kada ku ɗauka ƙarfi ne ba ni da shi. Da hannu guda nake ɗaga turmi in sauya masa wuri. Dabarun kaye kuwa, taɗiya ce, harɗiya ce, ɗauka ce, babu wadda ban iya ba, kuma in ina gwada su a tsakar gida har maƙwabta ke leƙowa ta katanga saboda kyansu. Abokin gwajina shi ne ƙanena Kyauta, magidanci da matarsa da 'ya'yansa, siriri mai sanyin murya. To, a Tudun Kanya babban abin kunya ne ƙane ya kayar da wansa, ko da da wasa ne. Saboda haka ina taɓa Kyauta sai ya tafi ƙasa tsaf. Wani lokaci ma kafin ƙafata ta kai ga tasa ya riga ya kwanta, ya tashi yana karkaɗe jiki yana cewa, "Sannu Yaya, wannan kam ba mai tsaya mata." Haka kowane gida ke horar da ɗansa, a fage kuwa sai wanda ya fi ƙarfi ya yi kaye, kowa ya watse lafiya.

Ana nan sai wani ɗan kokawa mai suna Jatau ya dawo gari. Shi ba shi da ƙane, a daji ya girma cikin makiyaya waɗanda ba su san kunyar kowa ba, yana kokawa da duk wanda ya tare masa hanya. Kokawarsa ba kyan gani, amma ba ya faɗuwa. Duk shekara nakan kai masa taɗiyata mai kyau, ya dube ta, ya tsallake, in farka in ga sama.

Wata safiya Sarkin Makaɗa ya yi sallama a zaurenmu, ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Barmo, ba raini ba ne, doka ce. Kakar bana in gidanka bai yi kaye ba, take zai koma gidan Jatau." Bayan baƙon ya fita sai na ga Baba yana buga taken da yatsu a kan gwiwarsa, a hankali, yana zaton ba mai kallonsa. Ranar na ji baƙin cikin da ban taɓa jin irinsa ba.

Na taɓa jin fataken gishiri suna hirar wata mata a ƙarshen duniya, Magajiyar Wasa, wadda ba a taɓa kai bayan mutanenta ƙasa ba. Na ce a raina, wannan ai laya ce, kuma in tana da baki za ta faɗi abin da take so in yi mata ta ba ni. Na ɗaure warkina, na roƙi albarkar Baba, na bar Kyauta da gona, na kama hanya.

Na bi ayari har suka gaji da yawan cina, suka nuna mini hanya da leɓe suka yi nasu wuri. A haka na isa bakin Kogin Shuɗi, wanda ba a hango ɗaya gaɓarsa, ruwansa kamar na marina. Babu jirgi ko ɗaya. Ƙwarya ce kawai, amma ƙwaryar da za ta ɗauki ayari da jakunansa, tana lilo a kan ruwa, wani gajeren mutum mai tumbi yana zaune a cikinta yana ɓarar gyaɗa. Sunansa Mazadu, shi ne mai fito.

Na yi sallama na ce a fitar da ni. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baƙo, a nan da wasa ake ƙetarewa." Ya yago ganyen kaba biyu, ya soke ɗaya a bayan ɗamararsa kamar wutsiya, ya miƙo mini ɗaya. "Wanda ya cire wutsiyar ɗan'uwansa ya ci. In ka ci ƙwarya ta yi gaba, in na ci ta komo baya, ita da kanta ta san wanda ya ci. Amma ba kaye, don in ka kayar da ni kifewa za mu yi, ga su can kuwa suna jira." Na dubi inda ya nuna, sai ga kadoji sun jeru, idanu kawai a waje.

Na ce, "Malam, ni fa ɗan kokawa ne, ba yaro ba."

Ya ce, "Madalla, ba za mu daɗe ba ke nan."

Na buɗe hannuwa na tafi masa gaba da gaba yadda muke yi a gida. Ban san ta inda ya bi ba, na dai ji iska a hammatata, na juya na gan shi yana sakace da wutsiyata. Na soke wata, ya cire. Na soke wata, ya cire. Ƙwarya ko motsi ba ta yi ba, don ba ta da bayan da za ta koma. Muka kwana muka tashi a haka har kabar bakin kogin ta fara ƙarewa. Da abin ya ishe ni na ce, "Mazadu, don Allah koya mini dabarar nan." Ya ce, "Wace dabara? Ni wutsiya nake so, inda take nan nake zuwa."

Tun ina jin haushi har na fara jin daɗin abin. Ba wanda ya ce mini in matse gwiwar hannu a jiki, na dai ga na daina buɗe hammata saboda na gaji da sokar kaba. Ba wanda ya ce in rage tsawo, na ga ina rusunawa da kaina. Ran nan ya miƙo hannu, na kama shi na ja gefe, sai ga ni a bayansa, ga wutsiya a gabana tana kaɗawa. Na fizge ta. Ƙwarya ta yi wani gunji ta zabura cikin ruwa. A gidanmu abin da na yi ba shi da ko suna.

Daga nan muka yi ta yi, mu yi gaba mu komo, mu yi gaba mu komo, kadoji na bin mu har suka gaji suka koma shan rana. Da muka taɓa gaɓa Mazadu ya cika mini hannu da gyaɗa ya ce, "Na yi kewarka tun ba ka sauka ba. Yawancin baƙi a rana ta farko suke zagina su juya."

Bayan kogi sai Kurmin Rimi, inda wasu jiminai ke kiwo, kowace ta fi raƙumi tsawo, ƙwansu kamar tulu. Hanya ɗaya ce ta ratsa kurmin, kuma wani dogon mutum mai suna Korau ke tsaron ta. Shi ma wasa ne kuɗin hanyarsa. Kowa zai rungumi ƙwai a hannun dama, daga cikin waɗanda jiminai suka turo waje don ba ɗa a ciki, a yi kokawa da abin da ya rage. Wanda ya dafa ƙasa ko ƙwansa ya fashe ya faɗi, kuma shi zai soya ƙwan ya cinye shi tas.

Ni kuwa hannun damana shi ne duk arzikina. Da shi nake riƙo, da shi nake ɗauka, hagu rakiya kawai take yi. Korau ya sa mini kafaɗa ya tura, na manta na kai dama zan riƙe shi, sai ji na yi gwaiduwa na bin cinyata. Na ci ƙwai a kurmin nan har na fara tsoron in buɗe baki in ji na yi kyarkyara. Amma tun da aka ɗaure mini dama, sauran jikina ya farka. Hagu ta koyi riƙon wuya, goshi ya koyi tura, ƙugu ya koyi shiga, ƙafafuna da nake zaton aikinsu tsayuwa ne kawai suka fara neman diddigen Korau da kansu. Sannu a hankali shi ma ya fara cin rabonsa na ƙwai, yana ci yana hararata.

Wata rana da hantsi na je ɗauko ƙwan wasa, garin sauri na ɗauko wani mai ɗumi. Korau na ganinsa a hannuna ya ce, "Nomau, daga ina ka ɗauko wannan?" Kafin in ba shi amsa ya riga ya ɗare rimi. Na waiwaya, sai ga uwar ƙwan ta nufo ni, ƙasa na girgiza, wuyanta a miƙe. Na ajiye mata ƙwanta a kan ciyawa cikin ladabi, amma ba ta karɓi haƙuri ba. Ta kawo sara, ta buɗe fiffike, jikina ya ga hammata a buɗe, bai yi shawara da ni ba ya shige. Sai ga ni a bayanta. Na ɗare, na harɗe ta da ƙafafu, na maƙale wuyanta da hagu.

Ta yi tsalle, ta yi juyi, ta ga abin ba sauka yake ba, sai ta zura da gudu. Ina jin Korau daga kan rimi yana cewa in gaida gida. Ta ratsa kurmi, ta ratsa duwatsu, ina manne da ita kamar kaska, har muka ɓullo wani fili fari fat. Nan ta tsaya tana haki, na zamo a hankali, muka dubi juna, kowa ya kama gabansa ba sallama.

Ashe Ƙasar Gishiri ta kawo ni. Hasken wurin yana makantar da mutum, saboda haka mutanenta da rana ɗaure idanu suke yi da baƙin ƙyalle, su yi saƙa, su yi ciniki, su yi kokawa, duk da taɓi. Suka ɗaure mini nawa, suka ja ni har gaban Magajiyar Wasa. Sunanta Tasalla, tsohuwa ce mai yawan dariya, tana zaune cikin inuwar rumfa inda ita kaɗai ke iya buɗe ido. Ita ba ta kokawa. Aikinta ta kalli masu yi, ta ƙirƙiro musu doka.

Na durƙusa na ce, "Inna, laya na zo nema."

Ta ce, "Tashi in ga irin layar da za ta dace da kai."

Ta haɗa ni da ɗaya daga cikin mutanenta. Ido a ɗaure ba na ganin ƙafarsa, sai na fara jin ta, domin kafin ya ɗaga ƙafa nauyinsa yakan gaya wa hannuna. Magajiya ta lura duk sanda aka matsa mini ja da baya nake yi. Ba ta ce in daina ba. Ta sa aka shimfiɗa fatar sa ta ce wanda ya fita daga kanta ya faɗi. Da ba inda zan gudu sai na koyi juyawa. Ranar da na fara ci ta sa aka ɗauke fatar sa aka kawo ta akuya. Ta ga ina daɗewa ina tunani kafin in shiga, sai ta ce za ta rera waƙa gajeriya, wanda bai kai hari ba kafin ta ƙare ya faɗi, muryarta kuwa ba daɗi, kowa sauri yake a gama.

Na ce, "Inna, wannan ai zalunci ne. Da na fara ci sai ki sauya doka."

Ta ce, "Wasan da ka iya ya gama yi maka aiki, me za ka yi da shi? Gaya mini, a gida da wa kake gwaji?"

Na ba ta labarin Kyauta da faɗuwarsa mai tsabta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, mutanenta suka taya ta. Da ta share hawaye ta ce, "Ɗana, ashe a gidanku rawa kuke yi. Laya kam ba ni da ita. Koma ka ƙirƙiro wa ƙanenka wasan da ba zai yarda ya faɗi a cikinsa ba."

Na ce, "Wane wasa ke nan?"

Ta ce, "Ni na san ƙanenka?"

Na ji haushi, don na yi tafiyar duniya an sallame ni hannu wofi. Amma kaka na matsowa, sai na bi ayarin gishiri ta gajeriyar hanya. Na iso Tudun Kanya gero ya fara fitar da kai.

Washegari na kira Kyauta tsakar gida, na soka mana kaba na gaya masa doka. Ya ce to, ya juya mini baya ya ɗan sunkuya don kada in wahala wajen cirewa. Na kawo ƙwai, kafin in taɓa shi ya saki nasa. Na shimfiɗa fata, ya taka waje ya ce, "Kai, Yaya, tafiyar nan ta ƙara maka." Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ni na yarda, na ce ba mai gani. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, jikina ne ba ya iyawa."

Don takaici na bar shi nan, na ɗauki tsintsiya na nufi turken awaki, ko aiki zai huce mini zuciya. Ban kai ga sunkuyawa ba na ji an fizge tsintsiyar da wani ƙarfi da ban taɓa sanin Kyauta yana da shi ba. Ya ce, "Haba Yaya, ina raye za ka kwashe kashin awaki?" Na ja, ya ja. Na murɗa, ya bi murɗar ya ƙwace. Na tsaya ina kallonsa, sai dariya ta kama ni.

Na ce, "Zo mu koma. Ga sabuwar doka. Wanda ya ci wasa, shi zai share turke ya kai takin gona."

Ya ce, "Wanda ya faɗi dai."

Na ce, "Wanda ya ci."

Na ga fuskarsa ta sauya. In ya bar ni na ci, ya sa wansa kwasar taki da hannunsa ke nan, a gaban matarsa da maƙwabta. Ya dubi turke, ya dube ni, ya gyara ɗamara. Muka shiga, kafin in gama miƙa hannu wutsiyata tana hannunsa.

Nan na gano abin da ke kwance a gidanmu shekara da shekaru. Mutumin da aka yi ta kayarwa tun yana ƙarami ya san kowane kaye ta ciki. Ina ɗaga kafaɗa ya san taɗiya ce, ina jan numfashi ya san ɗauka ce, domin da haka yake sanin lokacin da zai faɗi. Yanzu sai ya riƙa amfani da sanin nan yana kaucewa. Ni ma ban zauna ba, na fito da duk abin da na kwaso a hanya. Muka yi da hannu ɗaya, muka yi ido a ɗaure, muka yi a kan fata, muka yi da ƙafa ɗaya kamar langa. Duk wasan da ɗayanmu ya iya sai in sauya doka. A ƙarshe na ce yau kaye ne sosai, kuma mai ci shi ke da turke. Muka daɗe muna murzawa, sai na ji ƙafafuna a sama.

Kyauta ya durƙusa a kaina yana cewa, "Yaya ka yafe mini, Yaya ka yafe mini." Gaskiya na ji zafi a raina, amma daɗin ya fi zafin yawa. Daga bakin zaure Baba ya ɗaga murya ya ce, "Nomau, wa ke faɗuwa haka? Ƙasar gidan nan ba ta saba jin irin wannan nauyi ba." Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "To, ku ci gaba." A kakar nan babu turken da ya kai namu tsabta a duk Tudun Kanya, kuma yawanci Kyauta ke share shi.

Ranar kokawa ta zo. Na san na ƙaru, na san yanzu zan ba Jatau wahala, wataƙila ma in kayar da shi. Amma wataƙila ba ta isa a ɗora mata taken Baba ba. Kowane gida mutum ɗaya yake shigarwa, kuma na san wanda ya fi yawan share turke. Na daɗe ina juya warkin gidanmu a hannu, don tun ina yaro nake mafarkin a kaɗa taken nan ina tsaye a tsakiyar fage. Sannan na je na ɗaura wa Kyauta. Ya ja da baya ya ce ba zai shiga gaban wansa ba. Na ce, "Wanka ne ya ce ka shiga. Za ka ƙi?" Baba ya lalubo kansa ya dafa.

Fage ya cika maƙil. Muka zaunar da Baba a gaba kusa da makaɗa, sandarsa a gefensa. Da mutane suka ga Kyauta ne ya fito sai surutu ya tashi, wasu na dariya, wasu na cewa gidan Barmo ya sallama. Jatau ya fito yana kirari yana watsa ƙasa. Kyauta kuwa ya rusuna ya ce masa, "Ina wuni, Yaya Jatau." Duk shirin da na yi, na manta Jatau ya girme shi.

Suka kama. Jatau ya kai hannu wuyansa ya ja, sai na ga gwiwoyin Kyauta sun fara yin laushi, irin laushin nan da na sani tun muna yara. Faɗuwa zai yi masa, tsaf, cikin ladabi, da taken gidanmu da komai. Na miƙe tsaye na cika fagen da murya.

"Kyauta! Doka tana nan. In Jatau ya ci, gobe shi zai share mana turken awaki."

Fage ya fashe da dariya. Jatau ya waiwayo ya ga wane mahaukaci ne. Kyauta kuwa gwiwarsa ta tsaya cak, tazarar yatsa tsakaninta da ƙasa. Na ga ya dubi Jatau da tausayi, babban mutum mai iyali a ce ya zo gidan wasu kwasar taki, ya miƙe. Jatau ya kai taɗiya, ya tarar ba kowa a wurin. Ya kai ɗauka, Kyauta ya zauna masa da ƙugu ya ƙi ɗaguwa. Suka zaga fage suna haki, dariyar mutane ta koma shiru. Jatau ya fusata ya buɗe hannuwa ya afko da duk ƙarfinsa, Kyauta ya sulale ya ɓullo a bayansa, ya rungume ƙugunsa, ya sa masa ƙafa a diddige ya kwantar da shi a hankali, har yana tare masa kai kada ya bugu.

Sarkin Makaɗa ya ɗaga gula ya sauke. Taken gidan Barmo ya tashi.

Ban san ina kuka ba sai da na ji gishiri a bakina. Na juya wajen Baba. Tsohon da ya daɗe ba ya miƙewa sai an kama shi ya miƙe da kansa, ya bar sandar a ƙasa. Kafaɗunsa suka fara motsi, ƙafarsa ta fara dukan ƙasa daidai da ganga, ya tako cikin fage yana lalube, fuskarsa kamar ta saurayi. Na yi sauri na tare shi kada ya yi tuntuɓe. Hannunsa na sauka a jikina ya zarce ya damƙi ɗamarata, riƙon ɗan kokawa, ya matso da ƙugu.

Ya ce, "Wane ne wannan?"

Na ce, "Nomau ne, Baba."

Ya ce, "To tsaya da kyau, an kaɗa mini take."

Na ji siririyar ƙafarsa ta harɗo tawa, makaɗa suka ƙara wuta, jama'a suka ɗauki ihu, na tafi ƙasa da bayana gaba ɗaya. Ina kwance ina kallon sama, Baba na tsaye a kaina yana dariya da sauran haƙoransa, Kyauta na gefe ya rasa wanda zai fara ɗagawa. Mutane suna tambayata har yau ko faɗuwa na yi masa ko shi ya kayar da ni, ni kuwa wallahi ban sani ba.